Kada ka sayi sabuwar ƙota, sake shimfiɗar kawai

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka yi wa bindigarka Remington 700 shimfiɗar gam a cikin ƙota, wato ka zuba gam a cikin katakon bindigar inda ƙarfenta ke zama, maimakon harsasai su taru wuri ɗaya sai suka ƙara watsewa, har inci 3 a yadi 100, kana tunanin sayen sabuwar ƙota kafin a buɗe farautar barewa a Nuwamba. Dakata tukuna. Abin da ya same ka ya taɓa samuna a nan Minnesota, kuma da ƙotar nan nake farauta har yau.

Katako yana da rai. Ka tuna yadda ƙofar ɗaki take kumbura da damina a gida, da hunturu ta saki? Haka ƙota take yi tsakanin danshin Yuli da bushewar ɗaki mai hita. Amfanin shimfiɗar shi ne ƙarfen ya sami mazauni guda, duk harbin da aka yi ya koma daidai inda ya tashi. To idan ka ɗaure sukurorin da ke haɗa ƙarfen da ƙota tamau gam yana ɗanye, ka lanƙwasa ƙarfen ke nan, gam kuma ya bushe a kan lanƙwasar. Zargina ya fi ƙarfi a nan.

Ga yadda za ka gane. Cire harsashi, zare sakatar, ka leƙa da idonka ka tabbata babu komai a ciki. Ɗora yatsa a ƙarshen ƙotar, inda katako da bututu suke kusa, sannan ka sassauta sukurun gaba a hankali. Ranar da na gwada tawa, sai na ji bututun ya ɗaga a ƙarƙashin yatsana kamar abin da ya ja numfashi. Shimfiɗa mai kyau ba ta motsi ko kaɗan.

In ka ji motsin, gyaran ba wuya, haƙuri yake so. Kankare saman tsohon gam ɗin, kaurin kwali ya isa, ka bar shi da kaushi don sabon ya kama. Ko gam ɗin Devcon ko na Acraglas, duk suna yi. Wannan karon sukurori marasa kai za ka sa, aikinsu daidaita ramuka kawai. Naɗa salatif a bututun don ya tsaya a tsakiya, ka danna ƙarfen da hannu har gam ya tsattsafo, ka ɗaure da salatif ɗin masu aikin lantarki. Awa 24 kada ka taɓa.

Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke ƙarƙashi, tsakanin bututu da uwar ƙarfen da sakata ke shiga cikinta, shi ke tare naushin bindiga. Bayansa kaɗai ya kamata ya jingina da gam. Kafin ka zuba gam, gaba da gefe da ƙasa ka manna salatif, ka ɓare bayan ya bushe. Idan gindinsa yana taɓa ƙasa, ƙarfen zai riƙa lilo a kansa.

Don Allah kada ka yi rowar man takalmi a jikin ƙarfen kafin ka zuba gam, shi ke hana gam manne masa. Kiwi marar launi, shafi biyu, a goge, har da sukurorin. Cire kunamar gaba ɗaya, ka toshe kowane rami da yumɓun wasan yara. Wani abokina ya manta rami ɗaya, gam ya shige ya kulle, ƙarfe da katako suka zama abu guda. Sai da bindigar ta kwana a firiza, da safe muka bubbuga da gudumar roba kafin ta saki. Da ya yi ƙarfin hali da sukundireba, da ƙotar ta tsage.

Bayan gam ya bushe, zura takardar dala ɗaya tsakanin bututu da katako don ka tabbata ba sa taɓa juna. Inda ta tsaya, bi katakon da samfefa, ka shafe wurin da fenti ko mai saboda danshi. Ka ƙara faɗin ramukan sukuru kaɗan, kada jikinsu ya gogi gam. Wajen ɗaure sukurori, da na gaba ake farawa. Katako zalla ina tsayawa a 30 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na inci-fam, wanda kuwa aka dasa masa turakun alminiyam a ramukan sukuru yana ɗaukar har 65.

Ni nakan bar ta kwana huɗu ko biyar kafin in je fili. Ka duba sukurorin madubin saiti ma, sau da yawa su ne ɓarayin. Harsashi iri ɗaya, biyar-biyar, ka bari bututu ya huce a tsakani. Tawa mai cin harsashi samfurin .308 ce, daga inci 3 ta dawo kusan inci ɗaya. Yi gwajin yatsan nan yau da dare, ka faɗa mana ko ta motsa.