Tambaya da Amsa: Me ya hana manyan kamfanonin ƙere-ƙere zuwa Kano da Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kullum sai mu ji an tafi Sin ko Turkiyya neman masu zuba jari amma shiru kake ji, alhali muna da fata muna da roba ga noma ga kasuwa har Nijar da Chadi, to me ya hana masu ƙera motoci da sola da kayan lantarki su zo su kafa a nan? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, wallahi abin nan na damuna nima. Yankin nan ba baƙo bane a harkar masana'antu, masaƙar KTL ta Kaduna a 1957 aka buɗe ta, DICON mai ƙera makamai 1964, Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ga Bompai ga Sharaɗa ga Challawa inda ake jeme fatar da ake kaiwa Italiya da Sifen. Amma mai kawo injinan zamani ba tarihi yake dubawa ba, lissafi yake yi, kuma abu na farko a lissafinsa wuta ce. Kai da kake aikin roba ka fini sani, in wuta ta ɗauke roba na cikin inji to ta daskare sai an ɓata lokaci an tsaftace an sake zafafawa, to ina ga kamfanin da injinansa kwamfuta ke sarrafa su, wannan ko minti ɗaya ba ya so ta yi ƙyafta, kuma in ya ce janareto zai dogara da shi kuɗin dizal kaɗai ya cinye ribar. Na biyu nisa da teku, kusan kilomita 1,000 ne daga Legas zuwa Kano, kwantena ta kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa ta kwana a hanya ga shingaye ga fargabar tsaro.

Dubi yadda Maroko ta yi. Sun buɗe tashar jiragen ruwa ta Tanger Med a 2007, suka ja layin dogo daga wajen da kamfanin motoci na Renault zai zauna kusa da birnin Tanja har bakin tasha, gwamnati ta gina cibiyar koyar da aikin mota, sannan Renault ya buɗe a 2012, Peugeot ya biyo baya a birnin Kenitra a 2019. Kuma abin da mutane ke mantawa, tun kafin Renault ya iso akwai kamfanoni irin su Yazaki a Tanja suna haɗa wayoyin cikin mota suna turawa Turai, wato ya tarar da ma'aikatan da hannunsu ya riga ya faɗa da kuma masu kawo masa kaya a kusa. Eh sun fi mu kusa da Turai nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, amma mu ma muna da jama'a da kasuwar da ba su da ita.

Shi yasa ni a ganina kuskure ne a riƙa tashi neman mai ƙera waya ko mota kai tsaye, a fara da abin da ke hannu. Fatar Challawa maimakon ta fita haka nan a ɗinka ta ta zama kujerar mota da takalmi a nan, masu roba a taimaka musu su kai matakin yin sassan babur da Keke Napep da akwatin batir masu ingancin da babban kamfani zai karɓa, ɗaliban Kadpoly da ABU da BUK su riƙa koyon aiki a cikin kamfanonin tun suna makaranta. Sannan a zaɓi unguwar masana'antu guda ɗaya tak a ba ta wuta dare da rana, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu, ga kuma bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, wanda ya kamata kowane gwamna a yankin ya sa masa ido har gas ya shiga Sharaɗa da unguwar masana'antu ta Kakuri a Kaduna.

Tambaya: Malam, in aka ba su fili kyauta aka yafe musu haraji ba za su zo ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, yana taimakawa amma ba ya wadatarwa, domin kusan kowace ƙasa na ba da irin wannan. Kano na da yankin ciniki maras haraji a Fanisau, Kaduna na da tashar kwantena ta tudu da aka buɗe a 2018, duk suna da amfani, amma mai jari kafin ya sa hannu sai ya zagaya ya tambayi kamfanonin da ke nan ya kuke ciki, in suka ce masa masu karɓar haraji kala-kala na zuwa musu ko gwamnati na sauya doka ba sanarwa to ya tafi kenan. Don haka a fara zama da waɗanda ke nan a ji kukansu, a haɗe harajin wuri guda, takardar fili kuma ta fito cikin makonni.