Ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan rasuwar ƙaninta mai lalura

'Yar uwa Allah ya jiƙan ƙanin naki ya ba ku haƙurin rashinsa. Na ga kin ce tun da ya rasu duk wanda ya zo sai ya ce "ai ya huta, ku ma kun huta", maganar tana ci miki rai, ga mamanku ta kasa sakewa kin rasa yadda za ki yi da ita. Wallahi ba ke kaɗai ba ce.

Mu ma yayanmu ne mai lalura, shi ma ya rasu. Shawara ce ta kama shi yana ɗanyen jariri, idonsa ya yi rawaya aka ɗauka za ta wuce da kanta, kafin a kai asibiti ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar shi da lalurar shanyewar jiki da likitoci ke kira sarebral falsi. Dan Allah masu jego na wannan gurup, jariri in ido da fata suka yi rawaya a kai shi asibiti a ranar, in an kama da wuri yawanci hasken fitila mai shuɗi ake saka shi a ciki.

Bai taɓa takawa ba, maganarsa kuma mu 'yan gida kaɗai ke ganewa, amma fa kansa garau yake, kuma nan ne mutanen waje suke kuskure. Suna ganin jiki a shanye sai su ɗauka babu kowa a ciki. Baƙo ya shigo ya tsaya a kansa yana tambayar Mama "yana ji kuwa?" shi kuma sai ya juya fuska bango, ranar ko ke kika zo ba zai kula ki ba. Ɗaga gira shi ne e ɗinsa. Takun kowa ya sani tun daga ƙofa, kuma ɗan rahoto ne na bugawa a jarida, in ka ɗauki abu a ɗakin Mama tana dawowa zai kafe ka da ido yana wannan dariyar tasa har sai ka tona kanka. Rediyonsa kuwa kada ki kuskura ki taɓa lokacin labarai.

Wahala akwai ta, ba zan yi miki ƙarya ba. Juya shi duk bayan awa 2 dare da rana saboda gyambon kwanciya, a duba ƙugu da dunduniya, a miƙe masa gaɓoɓi kada su ƙara ƙagewa, maganin farfaɗiya ba a tsallake lokacinsa, abinci kuma sai a zaune a hankali cokali-cokali don in ya ƙware yana iya sauka huhu ya zama nimoniya, kuma a ƙarshe ita ce ta yi ajalinsa. To masu cewa kun huta wannan ɓangaren kaɗai suka gani, ba mugunta ba ce, rashin sanin abin faɗa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3 ne ke da lalura mai tsanani, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, amma har yau in irinsu suka rasu sai a yi ta lissafa ɗawainiya a manta da shi mutumin. Ni ban cika jayayya da su ba, in ce amin, sannan in ba su labarin tsiyarsa guda ɗaya.

In kuma wani lokaci kika ji kamar an sauke miki kaya sai kunya ta kama ki, kada ki tsangwami kanki, jiki ne ya gaji, bai rage komai a son da kike masa ba.

Maganar mamanku kuwa, ki lura duk tsarin rayuwarta a kansa aka gina shi. Tamu ta daɗe tana farkawa cikin dare ta nufi gadonsa za ta juya shi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne da ta ga mun daina ambatonsa a gabanta wai kada mu tayar mata da hankali, ita kuma ta ɗauka an fara mantawa. Ku riƙa kiran sunansa, ku tuna abubuwan dariya, ƙanwata ma ta ɗauki muryar Mama a waya tana ba da labarinsa tun daga haihuwa saboda jikoki. Kada ku yi saurin kwashe kayansa, kekensa Mama da kanta ta ce a ba wani yaro mai buƙata lokacin da ta shirya. Sannan ku kai ta asibiti a duba ta sosai, tamu shekara da shekaru tana ɗaga babban mutum, bayanta ya taɓu ga hawan jini, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai da likita ya gano.