Amsa ga mai son shuka masara mai zaƙi a Fabrairu

Salamu alaikum ɗan'uwa. Naga tambayarka cewa kana da fili kusa da ruwa kana so ka shuka masara mai zaƙi a watan Fabrairu, wai ko lokacin zai yi. Gaskiya ni dai bazan baka shawarar haka ba in a nan yankin Kano kake. Na jima ina nomanta a wajen Kura, abin da na gani shine ba ranar shuka ake dubawa ba, lokacin da zata fidda gemu ake lissafawa.

Ita wannan masarar kwana 70 zuwa 85 take yi gwargwadon iri, gemu kuma yana fitowa wajen kwana 50 zuwa 55. To lissafa da kanka, Fabrairu ka shuka, gemu zai faɗo ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40. Da zarar zafi ya haura 35 garin furen nan na sama da ke zubowa kan gemu mutuwa yake, gemun ma bushewa yake tun bai kama ba, sai kaga kara kore shar, goyo ƙato, ka ɓare ka tarar da giɓi giɓi, saman duk ba ƙwaya. Ko kullum kake ban ruwa bazai gyara wannan ba, kuma wanda ya tsira ma zaƙinsa baya jimawa dan zafi na saurin mayar da sukarin ya zama gari.

Lokacin da yafi min kyau a rani shine ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ƙasa na da ɗumi, iri ya tsiro da wuri, sai ta yi goyo cikin sanyi. Eh zata ɗan ƙara kwanaki amma ƙwaya na cika har baki, zaƙin kuma ba a magana. Kar dai ka bari sai hunturu ya kankama a Disamba, irin nan ai ka ganshi a yamushe yake, ba shi da ƙarfin irin masarar gida, in ƙasa tayi sanyi ga danshi sai ya ruɓe ko ya fito tsilli tsilli, ga shi da tsada.

Da damina kuwa ka shuka da ruwa ya zauna, kamar tsakiyar Yuni. Wanda ya makara shi tsutsar nan mai cin masara (fall armyworm) da ta shigo mana a 2016 take tarewa a gonarsa, kuma mai saye a kasuwar Yankaba ta Kano in ya ɓare ɗaya yaga tsutsa shikenan ya karya farashin duka.

Sai maganar maƙwabta, mutane basa kula da ita. In masarar gida ta yi fure lokaci ɗaya da taka a kusa, iska zata haɗa su, taka ta fito da tauri ba zaƙi. Ka tambayi na gefenka yaushe zai shuka, ku bar tazarar sati 2 zuwa 3.

Kuma dan Allah kar ka shuke filin rana ɗaya, raba shi, duk kwana 10 ka shuka wani ɓangare, saboda in ta nuna bata jira. Kamar kwana 20 bayan gemu ka danna ƙwaya da farce, in ruwa fari kamar madara ya fito to ka karya da sassafe, ka kai kasuwa ranar. In kuma dole sai ka sa wani abu a filin a Fabrairun nan, ka sa kuɓewa, ka ajiye irinka zuwa Yuni. Allah ya ba da sa'a.