Filin Tambaya da Amsa: Albasar Fure a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke karatu a Turai ta kawo mini tsarabar albasar wani fure da ake kira tulif. Na shuka ta da faɗuwar damina a ɗan filin da ke gefen ɗakina, ina ba ta ruwa safe da yamma, amma har aka shiga kaka ban ga ko tsiro ba, da na tona kuma sai na tarar duk ta ruɓe tana wari. Shin ƙasar gidana ce ba ta da kyau, ko kuwa irin ne ya lalace tun a hanya?
Daga wata mai karatu, Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba laifin ƙasar gidanki ba ne, kuma da wuya a ce irin ne ya lalace a hanya. Shukar ce ba ta dace da yanayinmu ba, sannan yawan ban ruwan da kika yi mata a tsakiyar damina ya ƙarasa ta.

Asalin tulif daga duwatsun tsakiyar Asiya yake, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa tsawon watanni. Turkawa ne suka yi fice wajen renonsa kafin ya shiga Turai a ƙarni na 16, har ya kai ga mutanen Holan sun yi ta tsuga masa farashi ba ji ba gani, kafin kasuwarsa ta rushe a shekarar 1637. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, albasar wannan fure ba ta fitar da fure sai ta kwana cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba na tsawon mako 12 zuwa 16 a jere. Hunturunmu na Bauchi kuwa sanyin dare ne da na asuba, domin da zarar rana ta ɗaga a watan Janairu zafi kan kai kusan digiri 30, saboda haka albasar ba ta taɓa samun abin da take jira ba. Akwai masu dabarar ajiye ta a firji na tsawon wata uku, ba a sashen ƙanƙara ba, nesa da ayaba da tuffa domin iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana kashe furen da ke cikin albasar, sannan su shuka ta a watan Disamba. Dabarar tana aiki ga wanda wutarsa ba ta yankewa, amma ko da an yi nasara furen kwanaki kaɗan zai yi ya yaushi, kuma albasar ba za ta sake yin wani ba a shekara mai zuwa. A ganina wahalar ta fi ribar yawa.

Ya kamata a fahimci cewa albasar fure rumbu ce: a cikinta shukar ke tara abinci domin ta tsallake lokacin wahala tana barci. Ga tulif lokacin wahala ya haɗa da sanyin ƙanƙara, ga shuke-shuken ƙasarmu kuwa rani ne. Don haka wanda ke zaune a Bauchi sai ya nemi albasar da ke barci saboda fari, ruwan sama ya tashe ta, kuma irin waɗannan muna da su a dajinmu, sai dai ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadamu da ruwan farko, tana fitar da manyan furanni farare masu jan layi a tsakiyar kowane kunne, kuma ba ta buƙatar wani lallashi. Rumana tana da dogon kara mai jerin furanni ruwan lemo da ja, kuma tana cikin shuke-shuken Afirka da masu renon fure a Turai suka yi aure da su har aka samar da giladiyolas ɗin da ake sayarwa yau a shagunan fure. Gatarin kurege kuwa yaɗo yake yi yana kama abin da zai hau da bakin ganyensa, furensa ja da rawaya ya lanƙwashe baya. Shi ne ma furen da ƙasar Zimbabuwe ta ɗauka a matsayin alamarta. Sai dai wannan na ƙarshe yana da dafi mai kisa, musamman saiwarsa da ke kama da ƙaramar doya ko dankali, saboda haka ban ba da shawarar a shuka shi a gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi ba. Sauran ma ba abin kai wa baki ba ne, kuma kada a taɓa ajiye albasar fure kusa da ta miya.

Idan za a ɗebo daga daji, a sa wa wurin alama lokacin da shukar ke fure, a dawo bayan ganyen ya bushe, a cire 'ya'yan da ke manne a gefen uwar a bar ta a inda take. Wajen shukawa kuma, tun da kin ce fili ne a ƙasa, a tayar da kunya mai tudu a gauraya ta da yashi, domin idan marka ta zauna a watan Agusta yawanci albasar da ruwa ya kwanta a kanta kwana biyu ko uku takan kama hanyar ruɓewa. Da damina ba a ƙara mata ko ɗigo sai in an yi dogon fari.

TAMBAYA: Na sayi amarilis tana ɗauke da jajayen furanni a wajen wani mai sayar da shuke-shuke da ke kawo kaya daga Jos. Tun da furen farko ya faɗi, shekara biyu ke nan ganye kawai take yi, kore shar, alhali ina zuba mata kashin kaji, kuma ba ta taɓa rasa ruwa ba. Me zan yi?
Daga wani mai karatu, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Malam, amsar tana cikin tambayarka: gata ne ya yi mata yawa. Amarilis 'yar Kudancin Amurka ce, tana jure zafinmu sosai, amma ba ta yin fure yadda ya kamata sai an bar ta ta huta. Kashin kaji kuma, kamar takin yuriya, ganye yake ƙarfafawa, idan ɗanye ne ma yana iya ƙona saiwa.

Ka fara duba yadda aka dasa ta. Kashi ɗaya cikin uku na albasar ya kamata ya kasance a saman ƙasa, wuyanta a waje, domin wadda aka binne gaba ɗaya takan yi jinkirin fure ko ta ruɓe ta wuya. Tukunyar kada ta yi faɗi da yawa; idan tazarar da ke tsakanin albasar da bakin tukunya ta kai faɗin yatsu biyu ya wadatar. Na fi son tukunyar ƙasa a kan baƙar roba, saboda tana zufa tana sanyaya saiwa, ita kuwa roba idan ranar Afrilu ta buge ta sai ta dafa abin da ke cikinta. Lallai a huda gindin tukunyar, a ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Haɗin ƙasar shi ne awo biyu na ƙasar gona, awo ɗaya na yashi mai tsakuwa, da awo ɗaya na kashin shanu wanda ya shekara ya koma baƙi yana marmashewa a hannu ba ya wari.

Da damina ka bar ta ta yi ganyenta son ranta a inda take samun ranar safe da inuwar yamma, ka riƙa barbaɗa mata ɗan takin kamfa, kamar rabin ƙaramin cokali sau ɗaya a wata, a gefen tukunya ba a jikin albasa ba. Kada ka yanke ɗanyen ganye don a ga tsafta, domin da shi take tara abincin furen baɗi. Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba sai ka daina ban ruwa kwata-kwata, ka mayar da tukunyar inuwa, ganyen ya yi rawaya ya bushe da kansa, ta zauna haka mako 8 zuwa 10. Wannan mataki shi ne ke yi wa mutane wuya, don gani suke yi kamar sun bar shukar ta mutu. Bayan hutun ka kwashe ƙasar sama ka zuba sabuwa, ka ba ta ruwa kaɗan, kada ka ƙara sai ka tura yatsa ka ji ƙasar ta bushe. Idan albasar ta ƙoshi, cikin mako 6 zuwa 8 karan fure zai fito ya buɗe. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, amma ruwan wanki mai omo yana tara gishiri a tukunya, a guje shi.

TAMBAYA: Ruwa sai mun saya a wajen 'yan garuwa. Wane fure ne zai rayu a gidanmu da rani?
Daga wata mai karatu, Jahun, Bauchi.

AMSA: Malama, ki nemi shukar da ake kira kariya. Ruwa take tarawa a kumburarren gindinta, kuma da rani, lokacin da ta zubar da ganye, take cika da furanni masu ruwan hoda. A yanko reshe, a ajiye shi a inuwa kwanaki kaɗan har bakin yankan ya bushe, a soka shi a tukunya mai yashi, a sa ta a rana. Kofi ɗaya ko biyu na ruwa a mako ya ishe ta. Wadda aka shuka daga ƙwaya ta fi yin ƙaton gindi, amma ta reshe ta fi saurin fure. Ruwan jikinta dafi ne, har mafarauta a wasu sassan Afirka na shafa shi a kibiya, don haka a wanke hannu da sabulu bayan yankan, a ɗora tukunyar inda yara da awaki ba za su kai ba. Idan gara na damun gidan, a ɗora ta a kan bulo, a zagaye gindin bulon da toka.