Sarbon sitiyari da sebansa: amsar Oga ga yaron shago

Kai yaro, tambaya biyu ka haɗa min: wane sarbo, ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, za ka sa wa sitiyarin motar tsere ta rimot, sannan wai in ka samu mai giyar ƙarfe, wato haƙoran cikinsa na ƙarfe ne, me za a yi da seba, abin da ke kare sarbo daga duka, tunda an ce rage wa mota kaifin kwana yake yi. Na san a waya ka gani. Ku yaran yanzu kafin ku iya riƙe sukundireba kun haddace sunan kaya kaf.

Ta farkon ba ta da tsawo. Lamba biyu ce a jikin kwali, ƙarfi da sauri. Motar kwalta 1/10, wato ɗaya bisa goma na girman mota ta gaske, ƙarfin kilo 10 zuwa 12 ya ishe ta, sauri take so, ya juya digiri 60 cikin daƙiƙa 0.08 ko kusa da haka. Bagi 1/8 kuwa, mai manyan tayoyi da tsalle, nemo mata kilo 25 zuwa sama ko da saurin 0.12 ne. Kuma ka duba da wace wuta aka auna, don lambar 7.4V suke bugawa da manyan baƙi, alhali BEC, mai ba sarbo wuta, da ke cikin ESC ɗinka, na'urar da ke sarrafa gudun mota, wataƙila 6V yake bayarwa. In BEC ɗin rago ne, babban sarbo zai zuƙe wutar, risiba mai karɓar umarnin rimot ta ɗauke, mota ta nufi inda ta ga dama. Wanda ba a rubuta masa HV ba, alamar yana ɗaukar babbar wuta, kada ka haɗa shi kai tsaye da batirin LiPo mai sel biyu, cikakken cajinsa 8.4V ne. Yadda ake ɗaurawa da saita tsakiya ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da kati.

Maganar seba ce ta sa na ajiye abin da nake yi. Akwai wani mutum da ya taso tun daga Lekki har nan Agege da bagi 1/8, sarbonta ya mutu. Babbar mota, direba, turare ya cika shago. A lokacin ina da sarbo guda na asali, HV, giyar ƙarfe, jikinsa alminiyum, da dalata na yi odarsa saboda motata. Ya nace, ya ce Asabar suna da wasa da abokai, kada ya ji kunya. Na ɗaura masa, na saita sifirin ɗin seba, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai matsewa ya koma, da hannuna, na ɗiga jan fenti a kan notin kamar yadda nake yi wa kowace mota. Ya biya kuɗin aiki, na sarbo ya ce zai yi tiransifa da yamma, wai manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa. Na yarda, don ban zaci mai irin wannan mota zai ci kuɗin ɗan shago ba.

Yamma ta yi shiru. Na kira, bai ɗauka ba. Sai ga shi bayan Asabar ɗin, tun daga bakin layi yake ihu wai na sa masa jabu, sitiyari ya tsaya cak. Mutane suka taru. A gabansu na kwance motar. Jan fentina ya bar wurinsa, notin an ɗaure shi har sifirin ya haɗe babu sauran inda zai matsa, ga sawun filaya, ga gam an zuba a tsakani. Na buɗe sarbon, haƙoran babbar giyar suka zubo a tafin hannuna. Direbansa ne ya yi suɓutar baki, ya ce wani abokin maigidansa ne ya ɗaure, wai sitiyarin ya yi laushi, daga nan motar ta daki gefen dakalin siminti da cikakken gudu. Mutumin ya harare shi, ya kwashe motarsa, ya bar min gawar sarbo a kan benci. Bai tsaya nan ba, ya shiga zaurensu na WhatsApp ya rubuta wai abokin nan na Agege jabu yake sayarwa. Akwai waɗanda har yau ba su sake kawo min aiki ba. Kuɗin ya fi hayar shagon nan ta wata, kuma da farashin dalar lokacin ma kenan. Ban yafe ba, Allah ya isa.

To ka ji aikin seba. Sifirin ne tsakanin taya da sarbo, in taya ta daki abu shi zai buɗe ya shanye dukan, ya koma. Ka kashe shi, dukan sai ya samu inda zai sauka, ko haƙoran giya, ko kunnen jikin sarbo, ko ƙafar motar ta gaba. Giyar ƙarfe ta fi ta roba juriya, amma ba a ƙera ta don karo da siminti ba. Gaskiya ne in sifirin ya yi sako-sako mota za ta riƙa kasa cin kwana a kan gudu, ko ta ƙi komawa tsakiya daidai. Maganinsa a ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Kunna motar, kama tayoyin gaba ka murɗa da ƙarfi: seba ya kamata ya buɗe kafin sarbo ya motsa. Masu tseren motar kwalta da kake gani da sandararren hannun alminiyum ba seba, fili mai santsi suke hawa kuma sun iya tuƙi. Kwastomominmu a harabar gida da bakin kwalbati suke wasa.

Hannun sarbo kuma ka ƙirga haƙoransa kafin ka danna. Yawanci sarbon kamfanin Futaba da Savox 25 ne, Hitec 24, Sanwa da KO Propo 23. Na ga yaro ya buga mai 24 a kan mai 25 da gindin sukundireba yana murna ya shiga.

Sai EPA a rimot, saitin iyakar inda sitiyari zai juya ya tsaya, wanda lalaci ke hana ku taɓawa. Juya sitiyari har ƙarshe, in ka ji sarbo yana kuka yana tura abin da ya riga ya tsaya, rage lambar har ya yi shiru, hagu daban dama daban. Sarbo da yawa da ake kawowa a ƙone ba karo ya kashe su ba, wannan ne. Wanda ya ce bakin teku zai kai motarsa, ko cikin ruwan Yuni, sa masa wanda ruwa ba ya shiga, in ya dawo a kwance seba a wanke, don yashi da gishiri suna daskarar da shi ya zama kamar an sa gam.

Bagin can ta kan benci ka saita sebanta ka ɗiga fenti, ka ɗauki hotonsa a gaban mai ita. Kuma ba ta fita sai na ga alat a wayata.