Man rina fata ya fito dabbare-dabbare

Kin ce man da kika shafa don fatarki ta yi duhu bai hau daidai ba, gwiwa da idon sawu sun fi baƙi. Sinadarin DHA da ke cikinsa matacciyar fatar sama kawai yake rinawa, shi ya sa wuri mai kaushi ke shan sa da yawa.

Ki shafa man jarirai ya yi minti 20, ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi, sannan ki cuɗa da soso a hankali. Dirza da ƙarfi ciwo kawai zai jawo. Inda ya yi haske kuwa, haɗa man rinin da man shafawa rabi da rabi, ki ɗan goga. Bilic kam kada ki soma, ƙona fata yake. Ragowar zai koɗe da kansa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10.