Hukuncin Rubuta Labarin Matar da Ta Gano Mijinta Ɗan Luwaɗi Ne

Tambaya: Malam, ni marubuciya ce a Gusau. Ina rubuta littafi kan matar da ta gano mijinta yana neman maza, da yadda ta rayu bayan haka. Ya halatta?

Amsa: Malama, ya halatta, da sharuɗɗa. Alƙur'ani ya kawo ƙissar mutanen Annabi Luɗu a Suratul A'araf da Suratu Hudu, bai siffanta aikin ba. Ke ma ambata, kada ki siffanta. A Bukhari, Annabi (SAW) ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana kallonta, balle a zayyana alfasha ga dubban masu karatu. Suratun Nur aya ta 19 ta yi gargaɗi kan yaɗa ta.

Kada wani ya gane kansa a ciki. Idan mutanen unguwa za su karanta su ce "ai wane ne", sauya suna bai fisshe ki ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce wanda ya kira mutum ɗan luwaɗi a yi masa haddin ƙazafi, bulala 80.

Inda marubuta suka fi zamewa shi ne fiƙihun, alhali wata mai irin wannan damuwa za ta ɗauki littafinki tamkar fatawa. Aure ba ya warwarewa da kansa don miji ya aikata wannan. Li'ani (rantsuwar tsinuwa tsakanin ma'aurata kan zargin zina) ma ba ya shiga, domin miji ne ke fara shi. Saƙon waya ba ya zama shaidu huɗu, kuma bincikar wayar kanta leƙen asiri ne da Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana.

Ki nuna tauraruwarki ta fara da asibiti, a gwada ta kan ƙanjamau da ciwon hanta, a maimaita bayan wata uku domin gwajin farko yakan yi wuri. Sai ta gaya wa waliyyinta a asirce. Idan zama ya gagara, akwai kul'i, ta mayar da sadaki kamar matar Sabit bn Ƙais, ko ta kai ƙara kotun shari'a, alƙali ya raba idan cutarwa ta tabbata, kamar yadda Malikiyya suka tafi a kai. Idan ya tuba ta zauna, ba ta yi laifi ba.

Tara masa samarin unguwa ko watsa shi a WhatsApp haramun ne, kada ki kawo shi a matsayin jarumta.

Wallahu a'alam.